Kafin a Kira Katafila

Damina ce ta tara mu gida. Ruwa ya yi kwana uku yana zuba a Gene, indararon zauren kakanmu ya toshe da ciyawa da kashin tantabaru, ruwa ya kwanta a kan soro har ya sami hanya, kusurwar gabas ta zube cikin dare. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Amma tun kafin ƙasar ta sha iska, maganar rushe zauren gaba ɗaya ta riga ta zagaya dangi, daga na Malanbil zuwa na Kotonu, har ta iske ni a Kano.

Ga wanda bai san Gene ba, gari ne a arewacin ƙasar Binin, Faransawa suna rubuta shi Guéné. Yana kan kwaltar da ta taso daga Kotonu, ta ratsa Faraku da Kandi, ta dire Malanbil a bakin Kwara. Nan hanyar Karimama ta rabu, nan kuma kasuwar dabbobi take, wadda Fulani da dillalai ke cikawa. Dandawa ne masu gari. Mu Hausawa baƙi ne da muka daɗe har muka zama 'yan gida. Kakan mahaifinmu bafatake ne, yana bin ayarin da ke kai kanwa da tufafi Gwanja ya dawo da goro, a zamanin da hanyar ke ratsa ƙasar Dandi ta bi Kandi da Jugu ta kai Salaga. Da ƙafa ta gaji ya zauna, ya yi aure, ya gina zaure mai faɗi domin kada baƙon da dare ya yi wa ya kwana a waje. A wannan zaure aka raɗa wa mahaifinmu suna. A nan na fara riƙe allo. A nan kuma aka ajiye gawarsa kafin a kai shi makwanci.

Yayanmu ne ya buɗe magana bayan sallar la'asar, muna zaune a kan dakali.

"Ku duba fa," in ji shi, "gidan nan yana kallon titi. A kawo katafila a share wurin, a zuba shaguna shida na bulo da kwano. Kowa ya ga kuɗin haya a hannunsa. Ƙasa ce, mun gyara bana, baɗi ta sake zubewa."

Ba zan zalunce shi ba. Shi ke zaune a gidan, shi ke ciyar da marayun ƙanenmu, shi ruwa ke tayarwa tsakar dare ya ɗauki fitila yana duba bango. Ni da ke zuwa sau ɗaya a shekara, ƙaunar tarihi ba ta ci mini ko dala ba. Duk da haka na ce masa, "Yaya, ka ba ni kwana biyu kafin a yanke magana." Abin da ya sa na roƙi kwana biyun nan shi ne abin da idona ya gani a Kano.

A shekarar 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin a faɗaɗa titi. Ƙofa ce da ta yi kusan shekara ɗari biyar a tsaye, ɗaya daga cikin ƙofofin badalar da Sarki Gijimasu ya aza wa harsashi tsakanin 1095 da 1134, wadda sarakunan baya, irin su Muhammadu Rumfa, suka faɗaɗa. Doka ta riga ta sa badala da ƙofofinta cikin kayan tarihin ƙasa, an kuma shigar da su jerin wuraren da ke jiran amincewar UNESCO tun 2007. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta yi ƙorafi, masana sun yi rubutu, amma ƙarfen katafila ya riga takarda isa wurin. Daga baya aka gina wata ƙofa ta siminti, mai faɗi, motoci na wucewa a sake, aka ba ta sunan tsohuwar. Duk yaron da aka haifa bayan wannan shekara, in ka ce masa Ƙofar Na'isa, wannan yake gani. Bai san akwai abin da ya rasa ba, kuma wannan shi ya fi ci mini rai.

Ita kanta badalar ba rana ɗaya aka kashe ta ba. Wani ya ɗebi ƙasarta ya yi gini, wani ya mai da gindinta juji, wani ya sami takardar fili ya dasa shago a kanta. Da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta hau a ƙarshen Mayun 2023, cikin 'yan kwanaki katafila ta sake fitowa, wannan karon a kan sababbin gine-gine: shagunan Filin Idi, ginin da aka yi a harabar otal ɗin Daula, shataletalen gidan gwamnati. Hujjar rushe shagunan da ginin Daula ita ce an sayar da filayen jama'a ba bisa ƙa'ida ba. 'Yan kasuwa suka yi asarar dukiya, magana ta kai kotu. Wannan gwamnati ta ba da izinin gini, waccan ta zo ta rushe, badala kuwa tana nan tana narkewa a kowace damina. Birni ya koyi rushewa da sake gini. Gyara ne aka manta.

Gyara kuwa shi ne ran ginin ƙasa. Wannan na sani tun ina yaro, ko da yake ban san na sani ba sai da na girma. Kowace shekara, in hunturu ya wuce, kafin hadarin farko, mahaifinmu yakan kira magini. Mu yara mu ɗebo ruwa, a kwaɓa ƙasa da ciyawa da kashin dabbobi, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana ta ruɓa. Magini ya hau soro yana ƙwanƙwasa da hannu, inda ya ji sauti ya sauya ya san ruwa ya shiga. A share indararo, a toshe tsaga, a gyara zankwaye, a sake yaɓe. Mata su kawo ɓawon ɗorawa bayan sun cire kalwar daddawa, a jiƙa shi ya ba da ruwan makuba, a shafe bango da daɓe ya yi ƙarfi ya yi ja. Aikin kwana uku ne ko huɗu, ladarsa tuwo da goro da 'yan kuɗi kaɗan. Da wannan ɗan aiki zaure ya ga jikokin jikoki.

Yaushe muka daina? Na yi lissafi a daren nan ina kwance, na ga tun rasuwar mahaifinmu ba a sake yin cikakken yaɓe ba. Ba mugunta ba ce. Gida ya zama kayan gado, magada sun haura ashirin, kowa yana da rabo, ba wanda ke da nauyi. Na Kotonu ya ce na gida su yi, na gida ya ce a turo kuɗi. Sai wata shekara wani daga cikinmu, da kyakkyawar niyya, ya turo buhunan siminti aka yi wa fuskar zauren filasta domin a huta da yaɓe. Nan ɓarna ta soma. Bangon ƙasa yana shan danshi yana kuma fitar da shi. In ka rufe shi da siminti, ruwan da ya shiga ta sama ko ta gindi ba shi da mafita, sai ya zauna ciki yana cin tubali. Daga waje bango sumul, daga ciki ya zama gari. Kusurwar da ta zube, ita ce wadda aka fi lafta wa siminti. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma mu da hannunmu muka rufe tsagar yadda ido ba zai gan ta ba.

Wanda yake son ya san iyakar abin da ƙasa da azara za su iya, ya tambayi Zazzagawa. A shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Ba rodi, ba siminti. Da tubali da azara ya ɗaga bakan gizo masu tsayi, ya ɗora tulluwa a kansu, ya ƙawata ginshiƙai da zane, har masana gine-gine daga ƙasashen Turai suka riƙa zuwa suna aunawa suna zanawa. Ɗaya daga cikinsu, Zbigniew Dmochowski ɗan ƙasar Folan, ya bi gine-ginen gargajiyar Nijeriya yana rubutawa, kuma a gidan tarihin gine-gine da ke Jos an gina kwafin wannan masallaci. Shi Babban Gwanin ne kuma ya gina gidan Madaki a Kafin Madaki ta ƙasar Bauchi. Har yau akwai unguwa a Zariya mai sunansa. A shekarun 1970 aka kewaye tsohon masallacin da sabon gini na zamani, tsohon ya zama ɗaki a cikin ɗaki.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na masallacin ya rufta kan masallata. Aƙalla mutum bakwai suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Mai martaba Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an lura da tsaga a bango kwana ɗaya kafin abin ya faru, ana shirin kawo masu gyara. Ba na son kowa ya karanta wannan rubutu ya zaci na fifita bango a kan rai. Ran mutum ɗaya ya fi dukan bakan gizon duniya. Tsoron Yayanmu gaskiya ne: tsohon ginin da aka yi wa sakaci kabari ne da ke jiran mai shiga. Shekara guda bayan na Zariya, a Satumban 2024, ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na goma sha tara. Damina ta ƙara ƙarfi a yankinmu, ba kuma ta jiran a gama taron dangi. Abin da nake ƙi shi ne a ce hanya biyu ce kawai, ko a bar gini ya faɗo kan mutane ko a share shi.

Domin akwai inda ba a daina ba. A Jenne ta ƙasar Mali, babban masallacin da aka sake ginawa a 1907 yana tsaye ne saboda kowace shekara gari kan fito gaba ɗaya a yi masa yaɓe, unguwa da unguwa suna gasa, magina na jagora. Hasumiyar Agadas, mai tsayin mita 27, tana nan tun ƙarni na goma sha shida, an sake ɗaga ta a 1844, itatuwan da ke fitowa daga jikinta kuwa su ne matakalar masu gyara. Mai ginin ya saka hanyar gyara a jikin gini tun ranar farko. Tun ran gini, ran zane.

Amma misalin da na ɗauka na kai wa Yayanmu ba na babban birni ba ne. Na ƙauye ne irin namu, na Hausawa 'yan'uwanmu. Dandaji, a jihar Tawa ta Nijar. Suna da tsohon masallacin ƙasa, aikin Alhaji Falke Barmu, maginin da ya gina masallacin Yama wanda ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Masallacin Dandaji ya tsufa, ya lalace, ya kuma yi wa jama'a kaɗan. Shawarar farko ita ce irin ta Yayanmu: a rushe, a gina sabo. Sai wasu mata biyu masu zanen gine-gine, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka zauna da mutanen gari aka sake tunani. Aka gina sabon masallaci babba a gefe, da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji. Tsohon kuwa aka nemo maginan da suka san shi tun asali suka gyara shi, aka mai da shi ɗakin karatu, inda yara ke bitar darasi, mata ke koyon karatu da lissafi. An kammala a 2018, ana kiran wurin Hikma. Jama'a sun sami masallacin da suke bukata, ba su kuma rasa na iyayensu ba.

Abu biyu na ɗauka daga Dandaji. Na farko, tsohon gini ba ya rayuwa don ana tausayinsa, sai in yana da aikin yi. Zauren da ba a zama cikinsa, ba a share shi, ba a kunna masa fitila, gara da jemage ne magadansa. Na biyu ya fi nauyi. Sun iya gyarawa ne saboda sun sami masu hannu da rai. Da an ƙara shekara ashirin, da kuɗi ma ba zai sayo wannan ilimi ba.

Nan ne waiwaye ke ba ni tsoro. Sana'ar gini ba ita kaɗai take tafiya ba, tana riƙe da hannun 'yan'uwanta. Laso, wanda ake shafa wa soro ruwa ya zame, ana haɗa shi ne da katsi daga ramin marina da gashin jima daga majema da ruwan dafara. In marina ta mutu, laso ya mutu. Je ka Ƙofar Mata a Kano ka ƙirga ramukan da ke aiki da waɗanda suka cike da shara. Azara daga giginya take, kuma tsallaken Kwara kaɗan daga garinmu, a ƙasar Gaya ta Nijar, akwai dajin giginya na Dallol Mawri da ya daɗe yana rufa wa gidajen Nijar asiri. Giginya kuwa sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta ba da azarar da gara ba ta ci, yanzu sai da izinin ma'aikatan gandun daji ake sare ta, kuma daidai ne. Ɗan magini ya ga mai bulo ya fi ubansa samu da daraja, ya ajiye sana'ar gidansu ya hau kabu-kabu. Wa zai zarge shi? Mu ne muka koya masa cewa gidan ƙasa alamar talauci ne, alhali mun san da rana tsaka a watan Afrilu kowa gudu yake daga ɗakin kwano ya nemi sanyin zaure.

Washegari na je neman tsohon maginin da ke yi wa mahaifinmu aiki. Na same shi a gindin bedi, ido ya yi rauni, hannu na rawa kaɗan. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, zauren nan zai gyaru, ko mu haƙura?"

Bai amsa ba sai da jikansa ya riƙo shi muka je. Ya shafa bango, ya ƙwanƙwasa nan da can, ya sa aka ɗaga shi ya taɓa azara. Sannan ya ce, "Ɗana, azararku lafiya lau take, ko ɗaya gara ba ta taɓa ba. Ku ɓamɓare wannan simintin, ku bar bango ya sha iska har rani. Kusurwar nan a tashe ta da tubali daga gindi. Ni ba na iya hawa yanzu, amma ina iya zama in faɗa. Ku ba ni yara biyu masu jin magana."

Da yamma muka sake zama. Na ba su labarin Dandaji. Na kuma tuna wa Yayanmu abin da shi ya fi ni sani. Gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya tun 1958 ita ce jijiyar wannan hanya. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, iyaka ta rufe, manyan motoci suka yi jerin gwano a kan kwaltar nan makonni suna jira. Ko da Binin ta buɗe nata ɓangaren a farkon 2024, Nijar ta bar nata a rufe, mutane da kaya suka koma jirgin ruwa. Masu shaguna a bakin titi sun ga yadda ciniki ke ɗaukewa dare ɗaya saboda shawarar da aka yanke a wata fada mai nisa. Shago shida a yau haya ne, gobe ƙila ƙofofi shida a kulle. Zaure kuwa in ya tafi ya tafi.

Gwaggonmu, wadda ba ta ce uffan ba tun farko, ita ta raba gardama. Ta dubi Yayanmu ta ce, "Kai ke ɗauke da gidan nan, ba wanda ya musa. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A nan aka wanke ubanku."

Ba kowa ya gamsu ba, kuma ba zan ce Yayanmu ya sauya ra'ayi har zuci ba. Abin da aka tsayar shi ne: za a gina shaguna uku, ba shida ba, a inda tsohon garke yake, nesa da bangon zaure yadda ruwan kwanonsu ba zai zuba a gindinsa ba. Hayar shago ɗaya ba za a raba ta ba, ta yaɓen kowace shekara ce da ladar magini, an rubuta an sa hannu a gaban liman. Zauren zai koma makarantar allo da safe, da dare kuma ɗaliban boko na unguwa su yi bita, an ce za a sa fitila mai aiki da hasken rana. Yara biyun da Baba ya nema, ɗaya jikansa ne, ɗaya ɗan ƙanenmu marigayi. Ni na ɗauki nauyin abincinsu har a gama.

Na san zauren kakanmu ba Ƙofar Na'isa ba ne, ba kuma masallacin Babban Gwani ba. Ba wata hukuma da za ta zo ta rubuta shi a littafi. Amma irinsa ne suka haɗu suka zama Birnin Damagaram da cikin ganuwar Katsina da lungunan Zariya, kuma ɗaya bayan ɗaya suke tafiya, ba labari a rediyo, ba mai ƙorafi, a taron magada bayan la'asar. Hukumomin Kano da Zariya da Damagaram suna da nasu alhakin, ya kamata su ware kuɗin gyara kowace shekara su kuma ɗauki magina aiki yadda suke ɗaukar injiniyoyi. Sauran yana hannunmu.

Mai karatu, in akwai irin wannan zaure a gidanku, ka je ka duba indararonsa kafin ruwan farko. Ka kuma nemi tsohon da ya san yadda ake kwaɓa ƙasarsa, ka kai masa yaro, tun yana iya faɗa.